Medicare a Gundumar Karkara: Abin da Katin Ke Biya da Abin da Ya Bar wa Tsoho

Medicare, wato inshorar lafiya da gwamnatin tarayyar Amurka ta tanadar wa waɗanda suka cika shekara 65, shiri ne da ya cancanci yabo ta fuskar biyan kuɗin magani. Sai dai amfaninsa ga tsohon da ke zaune a gundumar karkara ya rataya ne a kan abubuwa biyu da ba a rubuta su a jikin katin ba: nisan asibitin da zai iya yi masa aikin da yake bukata, da kuma zaɓin da ya yi a watannin farko na shigarsa shirin. Na daɗe ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a wata gunduma ta manoman masara da waken suya a tsakiyar ƙasar, inda raka su asibiti da karanta musu takardun da ke biyo bayan sallama suka zama rabin aikina. Daga nan na samo hukuncin da zan yanke wa shirin.

Shugaba Lyndon Johnson ne ya sanya wa dokar hannu a ranar 30 ga Yulin 1965 a garin Independence na jihar Missouri, kuma tsohon shugaban ƙasa Harry Truman ne ya karɓi kati na farko. An kasa shirin kashi-kashi. Sashen A yana ɗaukar nauyin kwanciya a asibiti, kuma wanda ya yi aikin shekara goma ana cire masa harajin Medicare daga albashi ba ya biyan komai a wata domin samunsa. Sashen B na ganin likita ne da gwaje-gwaje da duk jinyar da ba ta kai ga kwanciya ba. A shekarar 2025 kuɗinsa dala 185 ne a kowane wata, ana zare su kai tsaye daga fanshon gwamnati na Social Security kafin ya iso hannun mai shi. Sashen D na magunguna ne, an fara shi a 2006, kuma kamfanoni masu zaman kansu ke sayar da shi. Sashen C, wanda aka fi sani da Medicare Advantage, hanya ce ta daban baki ɗaya, kuma zan tsaya a kansa sosai nan gaba, domin a wajensa ne mutanen karkara suka fi yin tuntuɓe.

Babban alherin tsarin asali, wato A da B a haɗe, shi ne ba ya ɗaure majiyyaci da wani asibiti. Duk likitan da ke karɓar Medicare a faɗin ƙasar zai iya duba shi, ba tare da takardar turawa daga wani likita ba, kuma akasarin likitoci suna karɓa. Mazaunin birni ba lallai ya san darajar wannan ba, tun da asibitoci sun kewaye shi. Amma a gundumarmu, likitan zuciya mafi kusa yana tsallaken iyakar jiha ne, kuma tsohon da ke riƙe da katin asali yana zuwa can a duba shi kamar yadda za a duba shi a gida. Ta ɓangaren magani ma an sami sauƙi na gaske. Dokar da aka kafa a 2022 ta ƙayyade kuɗin allurar insulin a kan dala 35 a wata tun daga 2023, sannan ta sa iyaka, wadda a 2025 ta kasance dala 2,000 a shekara, ga abin da mutum zai fitar daga aljihunsa na magungunan da Sashen D ya amince da su. Na san masu ciwon suga da a da suke rage yawan allurarsu domin kwalba ta kai su ƙarshen wata, kuma yanzu sun daina. A wannan fanni ba ni da wani ƙorafi.

Asibitin gundumarmu yana cikin rukunin ƙananan asibitocin karkara da ake taƙaita sunansu da CAH, rukunin da majalisar dokokin tarayya ta ƙirƙiro a 1997 bayan da asibitocin ƙauyuka suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Sharuɗɗansa a bayyane suke. Gadajen kwanciya ba za su wuce 25 ba, matsakaicin zaman majiyyaci ba zai haura sa'o'i 96 ba, ɗakin agajin gaggawa zai kasance a buɗe dare da rana, kuma a ƙa'ida asibitin zai kasance da tazarar fiye da mil 35, kimanin kilomita 56 ke nan, daga wani asibitin, ko mil 15 idan yankin na duwatsu ne ko hanyoyinsa ƙanana ne. Ladan cika waɗannan sharuɗɗa shi ne Medicare tana biyan asibitin kashi 101 cikin ɗari na abin da ya kashe wajen jinyar mutanenta, maimakon ƙayyadadden farashin da take biyan manyan asibitoci, ko da yake tun 2013 ana zaftare kashi biyu cikin ɗari daga duk abin da take biya. Akwai irin waɗannan asibitoci fiye da 1,300 a ƙasar, kuma ba don wannan tsari ba da yawancinsu sun daɗe da zama kango.

Abin da asibitin ya iya, yana yin sa da kyau. Yana jinyar ciwon huhu da ciwon mafitsara da ƙarancin ruwa a jiki, yana ɗinke rauni, yana ɗaukar hoton ƙashi, kuma ma'aikatan jinyarsa sun san majiyyatansu da sunansu da tarihin gidajensu, abin da ke rage kuskure sosai ga tsohon da ya fara mantuwa. Jira a ɗakin gaggawa ba ya da tsawo. Amma akwai wata ƙa'ida ta biyan kuɗi da ban taɓa jin an yi wa wani tsoho bayaninta ba kafin takardar bashi ta iso. A Sashen B majiyyaci ne ke biyan kashi 20 cikin ɗari na kuɗin aikin da aka yi masa. A babban asibiti ana lissafa wannan kaso ne daga farashin da Medicare ta amince da shi, alhali a ƙaramin asibitin karkara ana lissafa shi ne daga farashin da asibitin da kansa ya rubuta, wanda galibi ya ninka wancan. A ɗauka misali cewa wani hoto da aka ɗauka farashinsa a wajen Medicare dala 400 ne, asibitin kuma ya rubuta dala 2,000 a takardarsa. Mutumin birni zai biya dala 80, mutumin ƙauye kuma dala 400 a kan aiki iri ɗaya. Ofishin babban mai bincike na ma'aikatar lafiya ta tarayya ya nuna wannan rashin daidaito a rahotonsa na 2014. A ganina wannan shi ne aibi mafi muni a tsarin, domin hanyar da aka bi don raya asibitin ta ɗora nauyin a kan mutumin da aka gina asibitin dominsa.

Abin da asibitin bai iya ba kuwa shi ne yawancin abin da ke kashe tsofaffi ko ya nakasa su. Bugun zuciya mai tsanani, da shanyewar ɓarin jiki da ke bukatar a zaro gudan jini daga jijiya, da karayar ƙugu da ke bukatar tiyata, duk sai an wuce da su babban asibiti. Dokar tarayya ta 1986 ta wajabta wa ɗakin gaggawa ya duba kowa ya kuma daidaita halinsa kafin a tura shi gaba, kuma ana kiyaye wannan. Sashen B yana biyan kashi 80 na kuɗin motar ɗaukar marasa lafiya, har da jirgi mai saukar ungulu idan hali ya tilasta, amma zuwa asibiti mafi kusa da zai iya aikin kawai. Iyalin da suka nemi a kai mahaifinsu asibitin da ya fi nisa saboda can likitansa yake, su za su cika bambancin. Motocin gundumar kansu 'yan sa kai ne ke tuƙa wasu daga cikinsu, kuma idan guda ta tafi birni da majiyyaci sai ta shafe rabin yini kafin ta dawo.

Tafiyar da ba ta gaggawa ba ita ce ta fi gajiyar da mutane, kuma tsarin asali ba ya biyan ko sisi a kanta sai a yanayi na musamman. Mai wankin ƙoda yana bukatar zuwa cibiya sau uku a mako. Mai gashin ciwon daji yana iya bukatar zuwa kowace ranar aiki na tsawon makonni. Babu motar haya a gundumar, 'ya'ya sun koma birane, ido ya raunana, ga ƙanƙara tana rufe hanya a lokacin sanyi. Na ga tsofaffi suna ɗage ganin likita daga kaka zuwa bazara saboda rashin mai kai su, alhali an riga an biya musu kuɗin ganin likitan. Duba majiyyaci ta bidiyo ya rage wani ɓangare na wahalar tun daga 2020, musamman ga masu bibiyar hawan jini da masu larurar damuwa, sai dai intanet ɗin gonaki ba shi da ƙarfi, kuma majalisa ta riƙa tsawaita yawancin sassaucin ne na ɗan lokaci kaɗan-kaɗan, wanda ya hana asibitoci su shirya da natsuwa.

Akwai wani tarko kuma da ya shafi yadda aka rubuta sunan mutum a littafin asibiti. Majiyyaci zai iya kwana uku a kan gado, a sa masa ruwa, a ba shi abinci, amma a takarda a ce ana lura da shi ne kawai, ba a kwantar da shi ba. Bambancin ba ƙarami ba ne. Tsarin asali ba ya biyan kuɗin gidan farfaɗowa bayan sallama sai mutum ya cika kwana uku a jere a matsayin wanda aka kwantar, kuma kwanakin lura ba sa shiga lissafi. Idan sharaɗin ya cika, kwana 20 na farko kyauta ne, daga na 21 zuwa na 100 kuma majiyyaci yana biyan dala 209.50 a kowace rana bisa farashin 2025. Idan bai cika ba, duk kuɗin a wuyansa yake. Tun 2017 doka ta tilasta wa asibiti ya ba da sanarwa a rubuce idan lurar ta wuce sa'o'i 24, amma takarda ce da ake miƙa wa mutum yana cikin ciwo, a tsakiyar wasu takardu, ya sa hannu bai san abin da ya sa wa hannu ba. Duk mai jinyar tsoho ya kamata ya tambayi likita baki da baki, tun ranar farko, a wane matsayi aka rubuta majiyyacinsa. A nan ƙaramin asibitin karkara yana da wata falala da ya kamata a ambata: doka ta ba shi damar mayar da gadon jinya ya zama gadon farfaɗowa, ta yadda tsohuwar da aka yi wa tiyatar ƙugu a birni za ta dawo ta yi gashin ƙashinta kusa da gida, inda mijinta zai iya zuwa ya zauna da ita kullum.

Yanzu ga Medicare Advantage. A wannan tsari gwamnati tana ba kamfanin inshora kuɗi a kan kowane mutum, kamfanin kuma ya ɗauki nauyin jinyarsa gaba ɗaya. Fiye da rabin waɗanda suka cancanta sun koma can, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shirye-shirye da yawa ba sa karɓar ƙarin kuɗin wata bayan na Sashen B, suna haɗa magani a ciki, suna ba da ɗan tallafin haƙori da tabarau, wasu ma har da kai mutum asibiti. Suna kuma da rufin da abin da mutum zai kashe a shekara ba zai wuce shi ba, wanda a 2025 doka ta ce kada ya haura dala 9,350 a asibitocin da kamfanin ya amince da su, alhali tsarin asali ba shi da rufi ko kaɗan. Ga tsohon da fanshonsa bai taka kara ya karya ba, wannan tayi ne mai wuyar ƙi, kuma daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Disamba akwatin wasiƙarsa da talabijin ɗinsa ba sa hutawa da tallarsa.

Sai dai araha ba ta ado. Kamfanin yana da jerin likitoci da asibitocin da ya ƙulla yarjejeniya da su, kuma a karkara jerin gajere ne. Ana kula da gaggawa a ko'ina, wannan gaskiya ne, amma bibiyar da ke biyo bayanta ita ce matsalar. Wata dattijuwa da nake kula da ita ta sami labari a ƙarshen shekara cewa babban asibitin da ke duba zuciyarta ya raba gari da kamfaninta, kuma likitan da aka ba ta a madadinsa yana wani birni da ya fi wancan nisa sosai. Ga kuma neman izini kafin a yi aiki. Hoto mai tsada, ko komawa gidan farfaɗowa, ko wasu allurai, duk sai kamfani ya amince, kuma majiyyaci yana kwance yana jira. Binciken da ofishin babban mai bincike ya fitar a 2022 ya gano cewa kashi 13 cikin ɗari na buƙatun da kamfanoni suka ƙi amincewa da su a samfurin da aka duba sun cika ƙa'idojin Medicare, wato da a tsarin asali ne da an biya. Ana iya ɗaukaka ƙara, kuma sau da yawa ana yin nasara, amma mutum mai shekara tamanin da ke zaune shi kaɗai a gona ba shi ne zai bi wannan hanya ba. Asibitin gundumar ma yana ji a jikinsa, domin kamfanin ba ya ƙarƙashin wajibcin biyan kashi 101 ɗin nan ga asibitin da ya yi yarjejeniya da shi, sai abin da suka daidaita a kai.

Abin da ya sa na ce zaɓin farko ne ke yanke hukunci shi ne Medigap, inshorar cike giɓi da ake saya daga kamfani domin ta biya kashi 20 ɗin nan da kuma kuɗin farko da majiyyaci ke biya daga aljihunsa idan aka kwantar da shi, wanda a 2025 ya kai dala 1,676, kuma mutum zai iya biyansa fiye da sau ɗaya a shekara idan aka sake kwantar da shi bayan kwana 60 da fitowa. Mai tsarin asali da Medigap ba ruwansa da farashin da ƙaramin asibiti ya rubuta, ba ruwansa da jerin likitocin kamfani. Amma dokar tarayya ta ba da tabbacin sayar masa da ita ba tare da duba lafiyarsa ba a cikin wata shida kacal daga lokacin da ya shiga Sashen B yana da shekara 65 ko fiye. Bayan haka, a yawancin jihohi, kamfani yana da ikon ƙin sa ko ya tsawwala masa saboda ciwon da yake da shi. Jihohi ƙalilan ne, irin su New York da Connecticut, suka bar ƙofar a buɗe. Wanda ya fara da Advantage yana da shekara guda ta gwaji da zai iya komawa a cikinta. Idan ta wuce, ya kai shekara saba'in da biyar, ciwon daji ya bayyana, ya ga yana bukatar asibitin da ba ya cikin jerin kamfaninsa, zai iya komawa tsarin asali amma ba lallai ya sami mai cike masa giɓin ba. Ana sa mutum ya yanke wannan shawara ne a lokacin da yake da ƙoshin lafiya, lokacin da kuɗin Medigap, wanda sau da yawa ya haura dala 100 a wata, yake yi masa kama da asara.

Duk wannan lissafi yana tafiya ne bisa zaton asibitin zai ci gaba da zama. Cibiyar Sheps ta Jami'ar Carolina ta Arewa, wadda ke bin diddigin lamarin, ta ƙirga asibitocin karkara fiye da 100 da suka rufe ko suka daina kwantar da majiyyata tun daga 2010, kuma jihohin da ba su faɗaɗa Medicaid ba, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, irin su Texas da Tennessee, suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Asusun asibiti ɗaya ne, don haka bashin matashin da ba shi da inshora yana iya rufe ƙofar da tsoho mai kati ke shiga. Daga Janairun 2023 an fito da wani sabon matsayi na asibitin gaggawa na karkara, inda asibiti zai ajiye gadajen kwanciyarsa ya riƙe ɗakin gaggawa da ganin likita, a musayar wani tallafi na wata-wata. Ya fi rufewa baki ɗaya, amma ga tsofaffi hasara ce mai yawa, domin ciwon huhun da ake jinyarsa a gida zai koma birni, gadon farfaɗowa kuma ya tafi tare da gadon kwanciya.

Tsarin asali ba ya biyan gyaran haƙori na yau da kullum, ko na'urar ƙara ji, ko tabarau in ban da bayan aikin yanar ido, kuma ba ya biyan zaman dindindin a gidan kula da tsofaffi, wanda shi ne ke cinye gonaki da gidaje. Medicaid ce ke ɗaukar wannan, bayan dukiyar mutum ta ƙare ko ta kusa. Haka kuma, in ban da wasu yanayi ƙalilan, katin ba ya aiki a wajen Amurka. Masu shirin kawo iyayensu su zauna tare da su ya kamata su san cewa mai takardar zama ta dindindin da bai yi aiki a ƙasar ba sai ya cika shekara biyar a jere kafin ya iya shiga, sannan zai sayi Sashen A da kuɗinsa, har dala 518 a wata a 2025. Wanda kuma ya yi jinkirin shiga Sashen B ba tare da inshorar wurin aiki ba, za a ƙara masa kashi 10 cikin ɗari a kan kowace shekarar da ya makara, kuma tarar ba ta faɗuwa har ƙarshen rayuwarsa.

Ga mazaunin gundumar karkara da zai iya ɗaukar kuɗin wata, shawarata ita ce tsarin asali haɗe da Medigap da Sashen D, a sayi Medigap ɗin a cikin wata shidan farko. Wanda samunsa ya yi ƙasa sosai ya fara bincika ko ya cancanci Medicaid ko shirye-shiryen jiha da ke biya wa mutum kuɗin Sashen B, domin mutane da yawa sun cancanta ba su sani ba. Wanda ya tsaya a tsakiya, Advantage ce kawai aljihunsa zai iya, kada ya dogara da littafin jerin likitoci da kamfani ya buga. Ya kira ofishin kuɗi na asibitin gundumarsa da na babban asibitin da ake tura mutane, ya tambaye su da bakinsa ko za su karɓi wannan shiri a shekara mai zuwa, ya kuma maimaita tambayar kowace kaka tsakanin 15 ga Oktoba da 7 ga Disamba, lokacin da ake da damar canjawa. Kowace jiha tana da masu ba da shawara kyauta a ƙarƙashin shirin SHIP, waɗanda ba sa karɓar la'ada daga kowane kamfani, kuma a gundumomi da yawa suna zama a cibiyar tsofaffi ko ɗakin karatu na gari a lokacin rajista. Mai zuwa wajensu ya tafi da kwalaben magungunansa duka da sunayen likitocinsa, domin da su ake gwada shirin da ya dace da shi.